Kafin a kwance bayan waya: Masu gyara da amanar da ke hannunsu a Sae Sabuwa

Manomin da wayarsa ta mutu a Sae Sabuwa, ba kuɗin da ya saye ta ne ke fara faɗo masa a rai ba. Lambar ɗansa da ya tafi cin rani Legas ko Agadas tana ciki. Lambar dillalin da ke sayen wakensa a Maradi tana ciki, haka ma saƙon muryar wanda ya karɓi bashin buhun gero ya ce a dakace shi zuwa kaka. Shi ya sa idan ya miƙa ta ga mai gyara, kafin a yi maganar kuɗi sai ya tambaya ko lambobinsa za su fita.

Sae Sabuwa ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Gidan Rumji, tana maƙwabtaka da birnin Maradi. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanenta sun kusa 100,000, akasarinsu manoman gero, dawa, wake da gyaɗa, da masu kiwon jar akuya. A nan, kamar a ƙauyukan Agye da Gazawa, waya ita ce littafin adireshi, ita ce kundin bashi, ita ce rediyo da tocila da agogon sallah. Wanda ke gyara ta kuwa sau da yawa saurayi ne mai teburi guda a bakin kasuwa ko kusa da tasha, wanda ba shi da takardar shaidar sana'a, amma rabin sirrin gari na ratsa hannunsa.

Kafin zuwan salula

Tambayar nan ta manomi ta girmi salula. Tun kafin a kafa eriyar farko a Nijar, kamfanonin Ingila da Japan da Amurka sun yi ta ƙera wata 'yar na'urar aljihu da ba a kira da ita, ba a kuma aika saƙo. Aikinta shi ne ajiye sunaye da lambobin tarho, ranakun ganawa, ɗan rubutun tuni da lissafi. A 1984 kamfanin Psion na birnin Landan ya fito da tasa, mai layin rubutu ɗaya tak a fuskarta. A ƙarshen shekarun 1980 Sharp ya fito da Wizard, shi kuma Casio ya cika kasuwannin duniya da nasa kundin na lantarki, har da agogon hannu mai ajiye lambobi. Apple ya gwada sa'arsa da Newton a 1993, bai ji da daɗi ba, ya daina ƙera ta a 1998. Wadda ta yi tashe sosai ita ce Pilot ta kamfanin Palm, wadda ta fito a 1996 a kan dalar Amurka 299, da ma'ajiya mai cin kilobayit 128. Hoto ɗaya na wayar yau ya fi ƙarfin wannan ma'ajiya, amma ta ɗauki ɗaruruwan sunaye da adireshi.

Wannan na'ura ba ta taɓa zama ruwan dare a karkarar Maradi ba. Kayan manyan 'yan kasuwa ne da ma'aikatan ofis, masu tarhon gida da za su kira lambobin da suka ajiye. Talaka littafinsa na aljihu ya riƙe, ko ya haddace. Sai dai jininta ya iso ƙauye ta wata hanya. Manhajar da Psion ya rubuta wa na'urorinsa ita ce ta zama Symbian a 1998, wadda Nokia ta ɗora manyan wayoyinta a kai. Duk wanda ya taɓa riƙe Nokia 6600 ko N70 a Maradi ko Kano, jikar Psion ya riƙe. Da iPhone ta fito a 2007, wayoyin Android suka biyo baya a 2008, sai kasuwar kundin aljihu ta mutu murus, domin waya ta haɗiye aikinsa gaba ɗaya.

Ciwon tsohuwar na'ura da maganinsa

Har yau akan ci karo da irin waɗannan na'urori a cikin tsofaffin akwatuna, kuma 'yan'uwansu na nan da rai a kowace kasuwa: kalkuleta, carbin lantarki, agogon kiran sallah, da ƙaramar na'urar karatun Alƙur'ani. Ciwonsu kusan iri ɗaya ne, maganin ma haka.

Babban rauninsu shi ne ma'ajiyar yawancinsu ba ta riƙe komai sai da wuta. Shi ya sa aka yi musu batir kashi biyu: manya masu tafiyar da aiki, da wani ƙarami mai faɗi irin na agogo, kamar CR2032 mai volt 3, wanda ke gadin bayanai idan manyan sun ƙare. Dokar farko ta gyaransu ita ce kada a cire duka a lokaci guda. A canza manyan tukuna, a tabbatar na'ura ta kama, sannan a taɓa ƙaramin. Wanda ya zare su gaba ɗaya don ya goge ƙura, ya goge har da lambobin shekara goma. Tsofaffin Palm masu batir AAA biyu kuwa, kimanin minti ɗaya suke ba mutum ya sa sabo kafin su manta komai.

Ciwo na biyu shi ne zubar batir. Idan aka bar batir a ciki shekara da shekaru, sai ya tsiyayar da ruwa mai cin ƙarfe, ya bar farin gari a kan ƙarafan da ke taɓa shi. Ana goge wannan da auduga da ɗigon ruwan lemon tsami ko binega, a bi da sifirit, a bari ya bushe sarai. Idan ƙarfen ya cinye, sai a yanko wani daga mataccen rimot ko tocila a liƙa.

Na uku madannai ne da suka daina amsawa. A ƙarƙashin kowane madanni na roba akwai ɗan baƙin tabo mai ɗaukar wuta. Gumi da ƙura ne ke rufe shi, kuma sifirit da auduga sun isa. Na huɗu shi ne layukan rubutu da ke ɓacewa a fuska. Wannan yawanci daga siririyar igiyar da ta haɗa fuska da allon inji ne, wadda aka manna da zafi. Idan ta saki, akan bi ta da ɗan zafi kaɗan ana dannawa a hankali, amma hannu ya yi nauyi kaɗan sai a rasa fuskar baki ɗaya. Psion Series 5 ta 1997 ta yi suna da wannan matsala, domin buɗewa da rufewa na karya igiyar a hankali.

Akwai kuma ɗan ramin da ke bayan na'ura, wanda ake tsikara da allura idan ta sandare. Tsikara ta sauƙi farkar da ita kawai take yi. Amma idan na'ura ta tambaya ko a share komai, mutum ya danna amincewa ba tare da ya iya karanta tambayar ba, to sai dai haƙuri. Masu Palm sun rage wannan fargaba da wani ɗan mazauni mai madanni ɗaya, wanda ke kwafe komai zuwa kwamfuta. Tun wancan zamani an gane cewa wanda bai da kwafi na biyu, bai ajiye komai ba.

Yadda waya ta gaji aikin

Salula ta shigo Nijar a 2001, shekarar da ta shigo Najeriya. Celtel, wadda ta koma Zain a 2008 sannan Airtel a 2010, tana cikin na farko. Telecel ta zama Moov. Orange ta fara aiki a 2008, ta sayar da harkarta a 2019, aka samu Zamani Telecom. Sonitel da SahelCom na gwamnati kuwa aka haɗe su suka zama Niger Telecom.

Tasirin abin a kasuwar hatsi bai ɓuya ba. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta jami'ar Tufts a Amurka ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili a fili yake: ɗan kasuwa ya daina hawa mota don ya je ya ji nawa ake sayar da tiya, kira ɗaya ya ishe shi. Daga nan lambobin da ke cikin waya suka zama jari.

A yau wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanen karkara su ne Itel da Tecno, sai Infinix a hannun samari. Duka ukun na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a China, wanda ya karanci bukatar Afirka: batir mai jimiri, tocila, rediyo, da gurbin layi biyu ko fiye. Gurbin layin nan ba ado ba ne ga mutumin da ke rani a Kano ko Katsina, damina a gida, yana riƙe da layin Najeriya da na Nijar. Da WhatsApp ya zo da saƙon murya, wanda bai yi boko ba ma ya samu hanyar ajiye magana. Kuɗin da 'yan cin rani ke aikowa ta Nita, Al Izza ko Amana kuwa, ta waya ake sanar da mai karɓa.

Abin da ke kashe waya a karkara

Masu gyara kan ji ƙorafi iri ɗaya kullum: ba ta ɗaukar caji, ta sha ruwa, fuska ta fashe, ba a jin magana, ta ƙi kamawa. Kowane ɗaya yana da lokacinsa a shekara.

A bazara, watannin Afrilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40 a jihar Maradi. Batirin lithium ba ya shiri da zafi. Wayar da aka bari a rana a bakin gona, ko a kan faifan sola tana caji, batirinta kan tsufa da wuri, wani lokaci ya kumbura har ya ɗaga murfi ko ya turo fuska. Batirin da ya kumbura ba ya gyaruwa. Huda shi da allura don a fitar da iska, kamar yadda wasu ke yi, neman gobara ne.

A hunturu ƙura ce ke cika bakin caji da ramin sifika. Wayoyi da dama da ake cewa bakin cajinsu ya lalace, datti ne kawai ya daskare a ciki, kuma tsinken sakace da buroshi sun wadatar. Mai gyara na ƙwarai nan yake fara dubawa kafin ya kunna ƙarfen liƙi. A damina kuwa ruwa ne da gumin aljihun manomi. Kuskuren da aka fi yi shi ne gwada kunna wayar da ta jiƙe ko sa ta a caji. Abin yi shi ne a kashe ta, a cire batir idan mai fita ne, a kai wa mai gyara ya buɗe ya wanke allon da sifirit kafin tsatsa ta kama. Binne ta cikin shinkafa ba ya fitar da ruwan da ya shige ƙarƙashin ƙananan kayan inji, kuma shi kansa kamfanin Apple ya gargaɗi masu wayarsa da su daina.

Amma babban makashin waya shi ne caji. Kusan mutum 1 cikin 5 ne kawai ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuwa adadin ya yi ƙasa da haka sosai. Don haka ƙauyuka da yawa sun dogara da mai caji: rumfa mai faifan sola da batirin mota, ko ƙaramin janareto, da jerin soket cike da wayoyi. Waya volt 5 take bukata a caji na yau da kullum, batirin sola kuwa 12 yake bayarwa. Idan na'urar da ke rage wutar ta arha ce, ko janareto yana hawa yana sauka, sai a ƙona sashen da ke kula da caji a cikin inji. Caja ta jabu ma haka. Araha ba ta ado: mutum ya tsimi 'yan dala a sayen caja, ya yi asarar jaka da yawa a gyara.

A kan teburin mai gyara

Kayan aikin ba su da yawa: ƙananan sukudireba, hantsaki, ƙarfen liƙi da dalma, mita ta awon wuta, buroshi, sifirit, da injin hura iska mai zafi ga wanda ya samu hali. Sai kuma kwali ko bokiti cike da matattun wayoyi, wanda shi ne ainihin shagon kayan gyaransa. Daga nan yake ciro sifika, madanni, bakin caji ko murfi.

Wanda ya iya aiki ba ya fara da kwancewa. Tambaya yake farawa da ita: yaushe ta fara, ta faɗi ne, ta shiga ruwa, a ina ake cajinta, wani ya taɓa buɗe ta? Sannan ya ɗora mita a kan batir. Batirin ƙaramar waya volt 3.7 aka rubuta masa, idan ya cika yana kai 4.2. Idan ya faɗi ƙasa da 3 sosai, waya ba za ta tashi ba ko da lafiyarta ƙalau. Daga batir sai caja da igiyarta, sai bakin caji, sai fuska. Allon inji, wanda masu sana'ar ke kira fanel, shi ne na ƙarshe, domin nan ne kuskure ba ya gyaruwa. Dalma mai gubar darma tana narkewa a wajen digiri 183, wadda kamfanoni ke amfani da ita yanzu kuwa sai ta kai 217. Iska mai zafin da za ta narkar da wannan tana iya ɗaga kayan da ke maƙwabtaka ko ta gasa ma'ajiyar bayanai idan hannu bai ƙware ba.

A nan aikin ya kasu mataki-mataki. Canjin batir, sifika, bakin caji da gilashin fuska ana yin su a ƙauye ranar kasuwa. Matsalar manhaja, wadda ke bukatar kwamfuta da intanet, sai an je Tsibiri, Gidan Rumji ko Maradi. Aikin fanel mai zurfi, wanda sai da madubin ƙara girma, na ƙwararrun birni ne, wani lokaci ma sai an tura Kano. Mafi amfanin abin da mai gyaran ƙauye zai sani shi ne iyakarsa. Wayoyi da yawa da suka isa birni a mace, da ransu suka bar gida, gwaji ne ya ƙarasa su a hanya.

Daga Shenzhen zuwa bakin kasuwa

Babu ko sukuru ɗaya na waya da ake ƙerawa a jihar Maradi. Fuska da batir da bakin caji daga China suke tasowa, su sauka Legas, inda kasuwar Computer Village ta Ikeja ke rarraba su, su hau zuwa Kano, kasuwar Farm Centre da titin Beirut. Daga can su bi ta Katsina da Jibiya, su tsallaka Ɗan Isa zuwa Maradi, inda masu gyaran ƙauyuka ke saro na mako. Duk abin da ya taɓa wannan hanya, sai an ji shi a teburin Sae Sabuwa.

An gani a watan Agustan 2019, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu har zuwa Disambar 2020. An sake gani bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. A wannan karon ba iyaka kaɗai aka rufe ba, har wuta Najeriya ta yanke, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga can yake zuwa. Layin da ke ciyar da Maradi da Damagaram daga Katsina yake tasowa ya sauka Gazawa. Rashin wuta ya tsayar da ƙarfen liƙi a birni, ya ƙara tura mutane ga janareto da cajin da ba shi da tabbas. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, aka buɗe iyakar a Maris. Sai kuma gobarar da ta tashi a kasuwar Farm Centre ranar Babbar Sallah, a watan Yunin 2025, ta cinye shaguna masu yawa a cibiyar da yankin ke saro kaya.

Ingancin kayan ma magana ce. Fuskar waya iri ɗaya tana da daraja hawa-hawa: ta asali, wadda aka ciro daga wata waya, da kwaikwayo mai dishi-dishi da ke shan batir. Mai waya ba ya iya bambancewa da ido. Gaskiyar mai gyara ce kaɗai ke tsakaninsa da cuta.

Amana

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Mafi girman abin da ake miƙa wa mai gyara shi ne abin da ke cikin wayar. Idan manhaja ta rikice, maganin da aka fi sani shi ne filashin, wato a share komai a zuba sabuwa. Waya za ta tashi garau, amma babu lamba, babu hoto, babu saƙon muryar mai bashi. Wannan shi ne tsohon kuskuren cire batir biyu a lokaci guda, ya dawo da sabon suna. Wajibi ne mai gyara ya faɗa wa mai waya abin da zai rasa kafin ya taɓa, ya kuma gwada kwashe abin da zai kwasu.

Akwai kuma matsalar makulli. Yawancin manoma ba su suka buɗe wa kansu asusun Google ko WhatsApp ba. Mai shagon da ya sayar da wayar ne, ko wani yaro ɗan makaranta, kuma ba wanda ya rubuta kalmar sirrin. Ranar da aka yi filashin, waya ta nemi tsohon asusu, sai a tsaya cirko-cirko. Haka layin da aka yi wa rajista da katin wani: idan ya ɓace ko ya lalace, karɓo shi daga kamfani sai an nemo mai katin. Hukumomin Nijar sun nuna da gaske suke kan rajista tun Nuwamban 2013, lokacin da aka rufe layi kimanin miliyan 1.7 da ba a san masu su ba.

Sirrin iyali ya fi duka nauyi. A cikin waya akwai hotunan mata da 'ya'ya, da maganganun da ba na kunnen kowa ba. Mata da yawa ba sa zuwa wurin gyara da kansu, yaro suke aikawa, wayar ta kwana a hannun wanda ba su taɓa gani ba. Gyaran bakin caji ko sifika ba ya bukatar a buɗe hotuna, kuma mai gyaran da ya leƙa ko ya kwafa ya ci amana, ko da bai nuna wa kowa ba. A ɗaya ɓangaren, shi ma mai gyara yana cikin haɗari idan aka kawo masa wayar sata a ce ya cire makulli. Kowace waya tana da lambar shaida mai alƙaluma 15, wadda ke fitowa idan aka danna *#06#. Littafi guda da zai riƙa rubuta sunan mai kawowa, irin wayar da wannan lamba, zai iya raba shi da kwanan ofishin jandarma.

Koyo, lafiya da shara

Yawancin masu gyara a gaban maigida suka koya, a Maradi ko Kano ko Katsina, wasu kuma suna ƙarawa da bidiyon YouTube. Abin da ke ƙaranci shi ne tushen ilimin lantarki, wanda ke sa mutum ya auna kafin ya canza kaya. Jihar ba ta rasa wuraren da za su cike wannan giɓi ba. Akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maradi, akwai cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi, akwai kuma asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa koyon sana'a. Horo na 'yan makonni kan awon wuta, haɗa sola da kwashe bayanai zai ceci wayoyi masu yawa.

Lafiyar mai aikin ma abin dubawa ce. Hayaƙin liƙi a rufaffen shago yana taɓa ƙirji, kuma darmar da ke manne a yatsu tana bin abinci ta shiga jiki, musamman ga yara masu koyo. Aiki a inda iska ke ratsawa da wanke hannu kafin cin abinci ba sa cin ko dala. Matattun batura kuwa bai kamata su shiga bola ko murhu ba, balle hannun yara.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma kashi 22 cikin 100 ne kawai aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. A Afirka adadin bai kai kashi 1 ba. Turai yanzu ta koma tilasta wa kamfanoni abin da karkarar Maradi ke yi don dole. Faransa ta fara manna wa wayoyi makin sauƙin gyara a 2021. Tarayyar Turai ta wajabta bakin caji iri ɗaya, USB-C, daga ƙarshen 2024, kuma daga Yunin 2025 dole kamfani ya ci gaba da samar da kayan gyaran waya har shekara 7 bayan ya daina sayar da ita. Wayoyin da ake ƙerawa don kasuwar Afirka ba su shiga wannan doka ba, kuma sababbinsu na zuwa da batir a manne da gam, abin da ke ƙara wa mai gyaran ƙauye wahala.

Abin da ya rage ga mai waya

Kafin hukuma ko kamfani su motsa, akwai abin da ke hannun kowa. A ajiye muhimman lambobi a kan layi, wanda yawanci ke ɗaukar har 250, a kuma sa ɗan makaranta ya kwafe su a littafi, ko da ajami ne. Bashi da ajiya a rubuta su a takarda da shaidu, kada a bar su a saƙon murya kaɗai. A rubuta kalmar sirrin asusu a adana a gida, a yi rajistar layi da katin mai shi. Ranar da za a kai gyara, a cire layi da memori a riƙe a aljihu, a tambayi mai gyara ko aikin zai share wani abu, kuma idan gyaran na minti kaɗan ne a tsaya a yi a gaban ido.

Su kuma masu gyara na Sae Sabuwa da Agye da Gazawa, lokaci ya yi da za su haɗa kai su kafa wa kansu ƙa'ida: littafin rajista a kowane teburi, bayyana ingancin kaya kafin a ɗaura, da hukunci ga duk wanda ya taɓa sirrin mai waya. Hukumomin ƙananan hukumomi da cibiyoyin koyon sana'a su ba su horo da takardar shaida. Sabuwar waya tana nan a kasuwar Maradi ga mai kuɗi, amma lambobin da aka share ba a sayar da su a ko'ina.